Zanen Gawayi a Hawa na Ashirin da Ɗaya

Abotata da Baba Mai Zane da faɗa ta fara. Shekara tara ke nan, ina sabon ɗauka a gidan jaridarmu, aka tura ni baje kolin zane-zane a ɗakin karatu na gari. Na ɗauki hoton wani zanensa na kogi, na rubuta 'yan layuka, na miƙa. Washegari jarida ta fito da zanen a kife, ƙasa ta koma sama, kuma duk ofishin babu wanda ya lura. Wajen ƙarfe goma sai ga wani dattijo dogo siriri, faratansa duk shuɗin fenti, ya shigo ɗakin labarai da jaridar a naɗe kamar zai kashe ƙuda.

"Wane ne ya kifar mini da kogi?"

Na miƙe. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya buɗe shafin, ya juya shi, ya sake juyawa, ya daɗe yana kallo.

"A kifen ma bai yi muni ba," in ji shi. "Amma ranar Asabar ka zo in nuna maka yadda ruwa ke kwanciya, tunda a gida ba a koya maka ba."

Na je, kuma tun daga ranar ban daina zuwa ba. Ɗakin aikinsa yana saman wani shagon faci, matakala goma sha bakwai, ga warin fenti da kananzir ɗin da yake wanke burushi da shi. Nan muke shan shayi duk Asabar da safe. Shi yana bin rubutuna da jan fensir yana soke kalmomin da ya ce na sa ne don a ce na iya, ni kuma in gaya masa gaskiya idan jakin da ya zana ya fi kama da kare. Da yake kullum nakan shigo ina cewa, "Baba, ga wani da ɗumi-ɗuminsa," sai ya laƙaba mini Ɗumi-ɗumi, har matarsa, wadda nake kira Mama, ta manta da sunana na gaskiya.

Shekara hamsin ya yi yana zana garinmu: kasuwa, tashar mota, masu aski, mata a bakin famfo, gada da masu kamun kifi a ƙarƙashinta. Amma akwai abin da ke ci masa rai. Yakan ce, "Ni garin nan daga gwiwa zuwa ƙasa na san shi. Ban taɓa ganin tsakiyar kansa ba." Bai taɓa shiga jirgin sama ba. Wuri mafi tsawo da ya taɓa hawa shi ne bene na huɗu a asibiti, shi ma ranar da aka yi masa aikin ido, an ɗaure masa fuska da bandeji.

Ranar wata Alhamis edita ya kira ni ofishinsa, waya a kunne, biro a baki.

"Jibi za su zuba simintin ƙarshe a saman dogon benen nan na bakin gada. Hawa ashirin da biyu, babu kamarsa a garin nan. Sun ba mu izinin mutum biyu, kai da mai ɗaukar hoto. Sai dai mai hoton namu matarsa ta haihu jiya, ba ya nan."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da wani."

"Yana da kyamara?"

"Yana da ido."

Bai ma ji ni ba, ya riga ya koma kan wayarsa, ya yi mini alama da hannu in tafi. Ban tsaya ɗaukar jakata ba. Na tari babur, na haye matakala goma sha bakwai ɗin nan bibbiyu, na banko ƙofa ina haki.

"Baba, ga wani da ɗumi-ɗuminsa! Hawa ashirin da biyu! Jibi! Ni da kai!"

Yana zaune yana feƙe fensir. Wuƙar ta suɓuce ta faɗi. Sai da na maimaita sau uku, dalla-dalla, sannan ya miƙe, mutumin da gwiwarsa ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ya kama kafaɗuna yana jijjiga ni.

"Kai Ɗumi-ɗumi, in wasa kake yi, wallahi zan zana ka da kunnen jaki in rataye a bakin titi."

"Ba wasa ba ne, Baba."

Ya leƙa ta taga ya ƙwala wa Mama kira, domin gidansu yana bayan shagon ne. Ta hau tana goge hannu da gefen zani, ta saurare mu muna magana lokaci guda kamar yaran da suka tsinci ƙwallo. Ni tsorona kada ta hana, domin shekarunsa saba'in da shida, ga maganin hawan jini safe da yamma.

"Ka ɗauke shi, ɗana," in ji ta. "Shekara arba'in da takwas ina jin zancen saman garin nan. Ko na huta. Amma ya sha maganinsa a gabanka, kuma kada babbar 'yarmu ta ji sai kun sauko, don ita nas ce, za ta zo ta kulle shi a ɗaki."

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai na iske shi a bakin titi yana jirana, ya sa rigarsa ta zuwa taro, ya rataya jakar zane, littafin fararen takardu a hammata, da wani gwangwanin madara cike da gawayin da yake ƙonawa da kansa daga siraran rassa. A cikin tasi bai bar direba ya huta ba. Ya gaya masa inda za mu, ya gaya wa matar da ke gaba, har wani mai sayar da jarida a mahaɗar titi sai da ya ji.

A ƙofar wurin ginin muka ci karo da matsala. Injiniyar da ke kula da aikin, wata gajeriyar mace mai hular kwano fara da oba-oba, rediyon da take magana da ma'aikata, a hannu, ta duba takardar izini, ta dubi Baba, ta sake duba takardar.

"An rubuta mai ɗaukar hoto. Ina kyamarar?"

Baba ya ɗaga gwangwanin gawayi.

"Malam ɗan jarida," ta ce da ni, "nan ba wurin yawon buɗe ido ba ne. Baba ya yi haƙuri. Idan jiri ya ɗebe shi a can sama, ni za a tambaya."

Na fara lallashi, ina kawo dalilai na jarida da na tarihi, duk ba su shige ta ba. Ina cikin surutu, ashe Baba ya buɗe littafinsa. Kafin in kai aya ya yage takarda ya miƙa mata. Ita ce sak, gira a haɗe, oba-oba a ɗage kamar za ta kwaɗa wa wani. Mai gadi ya leƙo ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya toshe baki. Ta daɗe tana kallo, gefen bakinta yana motsi.

"Haka nake ɗaure fuska?"

"Yanzu ma kin sassauta, 'yata."

Ta naɗe takardar a hankali ta sa a aljihu. "Zane ba ya hana mutum faɗuwa. Ku je ɗakin magani a auna jininku, ku duka biyun. In ya yi kyau, hular kwano, takalmin aiki, ɗamara, kuma duk inda na ce tsaya, a tsaya."

Aka auna. Na Baba lafiya lau. Nawa ne ya hau, har ma'aikacin lafiyar ya ce in zauna in sha ruwa minti goma. Baba ya yi dariya har da hawaye.

"Ku bar shi a nan ƙasa ya riƙe mini takalmi!"

Abin da ban taɓa gaya masa ba shi ne, ni tsoron tsawo nake yi. Ko tsani na hau don canza ƙwan lantarki sai ƙafata ta yi sanyi. Murnar kai shi can ce ta sa na manta, sai da na ga abin da za mu shiga. Wani akwatin ƙarfe ne mai raga, maƙale a jikin ginin ta waje, ma'aikata suna ce masa keji. Muka shiga mu bakwai da injiniya. Aka ja ƙofa, inji ya yi gurnani, ƙasa ta fara guduwa daga ƙarƙashinmu.

A hawa na biyar na kama ragar da hannu biyu. A na goma na rufe ido. Wajen na goma sha biyar na tsugunna, wani birkila mai faɗin ƙirji ya dafa kaina yana cewa, "Sannu, oga, kada ka duba ƙasa, dubi takalmina." Shi kuwa Baba ya manna hancinsa a raga yana ihu kamar mai kallon ƙwallo.

"Kai! Ga gada! Dubi yadda ta ƙanƙance! Ɗumi-ɗumi, tashi ka ga motoci kamar ƙwaro! Wancan ba rufin tasha ba ne? Ashe tsatsa ta cinye shi haka? Tashi mana!"

"Ina gani, Baba," na ce, idona a rufe gam.

Da kejin ya tsaya aka buɗe, muka fito kan wani fili mai faɗi, duk rodi a saƙe kamar raga, an shimfiɗa katakai don tafiya. Ma'aikata wajen talatin suna ta kai da kawo. Iska tana kaɗawa, mai sanyi, irin wadda ba ma samu a ƙasa. Injiniya ta maƙala ɗamararmu a wata igiyar ƙarfe, ta kai Baba har kusa da shingen gefe. Ni na rungumi wani ginshiƙi na tsaya a nan.

Sai Baba ya yi tsit. Mutumin da tun safe bakinsa bai rufu ba. Ya tsaya hannu a kan shinge, yana juya kai a hankali daga gabas zuwa yamma. Minti biyar, minti goma. Littafin yana hammatarsa bai buɗe ba. Da shirun ya yi yawa na ja ƙafa, taku ɗaya bayan ɗaya, na isa gefensa.

"Baba, lafiya?"

"Ya yi mini yawa," ya ce a hankali. "Ban san girmansa ya kai haka ba. Duk abin da na zana shekara hamsin bai wuce daga can zuwa can ba." Ya nuna da ɗan yatsa, tazarar ba ta fi taƙi ɗaya na hannu ba. "Ta ina mutum zai fara?"

Na ji wani iri, kamar na kawo shi ne don a nuna masa iyakarsa. Muna tsaye haka sai wani mai walda da ke bayanmu ya ɗage gilashin fuskarsa ya yi kira.

"Injiniya, dubi gabas!"

Muka juya. Hadari ne ya taso, baƙi ƙirin, kuma daga inda muke ana ganin ruwan da kansa yana tafiya. Ban taɓa sanin ruwan sama yana da gefe ba. Ga shi kamar labule daga sama har ƙasa, yana cinye unguwa bayan unguwa. Rabin garin ya yi duhu, rabin yana walƙiya cikin rana, rufin kwano suna ƙyalli, kogi ya rabu biyu, ɓangare toka ɓangare azurfa. Tsuntsaye suka taso garke guda suna gudu a gabansa, kuma a ƙasanmu suke, muna ganin bayansu.

"Wayyo Allah!" Baba ya daka tsalle, da gwiwar nan tasa. "Ga shi! Ga ta inda za a fara! Riƙe mini gwangwani!"

Ya buɗe littafi ya fara ja da gawayi, shafi ɗaya, ya juya, shafi biyu. Injiniya tana magana a oba-oba da sauri, tana cewa a dakatar da motocin siminti, yau babu zubi. Iska ta ƙara ƙarfi. Yana cikin shafi na huɗu wata guguwa ta zo ta fizge littafin daga hannunsa. Muna kallo ya tashi sama, ya buɗe, takardu suka watse suna lilo a kan garin.

Na ɗauka zai yi kuka. Sai ya ɗaga musu hannu yana dariya. "Ku gai da mutanen bayan tasha!"

"Kowa ƙasa!" injiniya ta daka tsawa. "Keji ba zai yi aiki a iskar nan ba. Ku bi matakala zuwa hawa na ashirin da ɗaya!"

Birkilan nan ya kama Baba ta hannu ɗaya, ni ta ɗaya, muka sauka. Hawa na ashirin da ɗaya yana da rufi da bango uku, gefe ɗaya ne a buɗe, kuma sa'a aka yi ba ta nan iskar ke bugowa ba. Muna shiga ruwa ya ɓarke. Ma'aikata suka zazzauna a kan buhunan siminti, wasu suka ciro burodi da ruwa. Baba kuwa ya kasa zama. Yana ta zagaye, yana dafe goshi.

"Yana fita daga kaina. Ɗumi-ɗumi, ba ni littafinka."

Na miƙa masa ɗan littafin da nake rubutu. Ya dube shi, bai fi tafin hannu ba, ya mayar mini. Sai idonsa ya sauka a kan bangon da ke fuskantarmu, dogo, taku takwas, simintinsa sumul, ko tabo babu. Ya dubi injiniya. Ta gane tun bai yi magana ba.

"Baba, Litinin za a yi masa filasta."

"To, bari in ɓata shi kafin Litinin."

Ta dubi bangon, ta dubi ruwan da ke zuba, ta ɗaga kafaɗa. "Ni ban ga komai ba."

Ya tuɓe rigar taron ya miƙa mini, ya rage daga shi sai singileti da hular kwano. Ya ɗebi gawayi uku a hannu ɗaya, ya ja layi guda daga wannan ƙarshen bango zuwa wancan, yana tafiya da shi. Kogi ke nan. Ya ɗora gada. Ya goga tafin hannunsa a gawayi ya shafa a gefen dama, ya sake shafawa, sai ga hadari yana tasowa a jikin siminti. Masu cin burodi suka daina tauna. Ɗaya bayan ɗaya suka taso suka kewaye shi.

"Wallahi tasha ce wannan!" in ji wani kafinta. "Baba, unguwarmu tana bayanta, inda tankin ruwa yake."

"Tankin mai ƙafa huɗu? Na gan shi." Ja uku, tanki ya tsaya.

Shi ke nan wuri ya rikice. Kowa yana nuna tasa unguwar. Wannan ya ce bayan filin ƙwallo, wancan ya ce kusa da masu gyaran mota, wani ya rantse cewa bishiyar ƙofar gidansu ta fi kowace tsawo a garin, aka yi masa ihu. Baba yana zane yana amsa musu, yana tsokanar wannan, yana korar hannun wancan. Da ya zo saman bango hannunsa bai kai ba, aka mirgino durom, birkilan da wani suka ɗaga shi cak suka ɗora, suka riƙe ƙafafunsa. Gawayi ya ƙare. Mai walda ya ce a ba shi minti biyu, ya kunna wutar gas ya ƙona guntayen katako, ya tsoma a ruwa, ya kawo cike da hularsa. Ya kuma ba da farin allin da yake yi wa ƙarfe alama, da shi Baba ya fitar da hasken rana a kan rufin kwano.

Ni ban san lokacin da na manta da tsoro ba. Na tsinci kaina a tsaye kusa da buɗaɗɗen gefen nan ina rubutu kamar hannuna zai tsinke, ina ɗaukar hoto da waya, ina tambayar ma'aikata shekarunsu a aikin. Birkilan ya ce mini wata goma sha tara yana hawa ginin nan kullum, bai taɓa tsayawa ya nemi gidansu ba sai yau.

Wayata ta yi ƙara. Edita ne.

"An zuba simintin?"

"Ba a zuba ba, ranka ya daɗe. Ruwa ya hana."

"Ba a zuba ba! To me zan sa a shafin farko? Hoton girgije?"

"Duba wayarka."

Na tura masa hoton Baba a kan durom, singileti baƙi da gawayi, hannu a miƙe, mutum talatin sun ɗaga kai suna kallo.

"Wannan ne mai ɗaukar hoton naka?"

"Shi ne."

"Kalma dubu. Kafin ƙarfe biyar. Kuma in ka sake yi mini irin wannan dabarar, ka tabbata ta yi kyau kamar wannan."

Awa biyu da rabi Baba ya yi a jikin bangon. Da ya gama, ya ja baya har tsakiyar ɗakin, ya tsaya yana haki. Aka ɗauki tafi da fito, wasu suna buga shebur a ƙasa. Wani ya gano cewa a can ƙasan kusurwa an zana wani mutum ya rungumi ginshiƙi ido a rufe, aka juyo kaina ana nuna ni, dariya ta sake ɓarkewa. Injiniya ma sai da ta cire hular kwanonta ta goge ido.

Baba ya zauna a kan buhun siminti, na kawo masa ruwa. Da ya karɓi gorar sai na ga hannunsa yana karkarwa, ruwa yana zuba a cinyarsa. Ya ga na gani.

"Shekara guda ke nan ban gama zane ko ɗaya ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa don kada a ji. "In na ɗauki ƙaramin burushi sai hannun ya ƙi tsayawa. Shi ya sa nake juya allunan suna kallon bango kafin ka zo."

"Na sani, Baba."

"Na san ka sani. Kai da ba ka iya riƙe labari minti biyar, ka riƙe wannan shekara guda." Ya dafa gwiwata da baƙin hannunsa, ya bar mini shaida a wando. "Amma ka ga yau? Da kafaɗa na yi aiki, ba da yatsu ba. In abu ya yi girma, rawar hannu ba ta samun wurin zama. Ashe ƙanana ne suka fi ƙarfina."

Wajen ƙarfe uku iska ta lafa, keji ya dawo aiki. A hanyar sauka idona a buɗe, ko da yake ban saki ragar ba. Da muka isa gida Mama ta buɗe ƙofa ta gan shi baƙi tun daga goshi har takalmi.

"Sama ka je ko cikin murhu?"

Ya kama hannunta ya fara ba ta labari tun a bakin ƙofa, yana nuna faɗin bangon da hannuwa, har ya ture bokiti. Na bar su a haka na ruga ofis.

Jaridar Lahadi ta ƙare kafin azahar, aka sake bugawa. Babbar 'yar tasu a shafin farko ta ga mahaifinta a kan durom, ta kira ni ta wanke ni tas na minti goma, daga ƙarshe ta ce in ajiye mata kwafi biyar. Ranar Litinin da rana injiniya ta buga mini waya tana dariya. Wai mai filasta ya hau da kayansa, ya tsaya gaban bangon, ya ga rufin makarantar da 'ya'yansa ke zuwa, ya ajiye cokalin filastarsa ya ce sai dai a nemo wani. Aka nemo wani, shi ma ya ƙi. A bakin ƙofa kuma mutane sun taru da jarida a hannu suna tambaya ko ana barin hawa.

Laraba masu ginin suka zo da kansu, su uku, da takalma masu sheƙi, aka kira mu. Babbansu, wani mai furfura da ba ya yawan magana, ya yi tafiya daga farkon bangon zuwa ƙarshe, hannu a baya. Ya tsaya a wani wuri ya sunkuya.

"A layin nan aka haife ni," ya ce. Ya juya wajen injiniya. "Me ake yi wa gawayi don kada ya goge?"

Baba ne ya amsa, ya yi bayanin man da ake fesawa, a bari ya bushe, sannan a sa gilashi. Mutumin ya ce a yi, a kuma canza tsarin hawan yadda bangon zai kasance a fili, ba cikin ofishin wani ba. Sannan ya lura babu sa hannu, ya roƙi Baba ya sa.

"Ba ni kaɗai na yi ba," in ji Baba. "Wani ya riƙe mini ƙafa, wani ya ƙona mini katako, wasu suka nuna mini gidajensu. A kira su."

Injiniya ta yi magana a oba-oba. Suka sauko daga sama, suka hau daga ƙasa, suka yi layi suna ture juna. Baba ya murƙushe gawayi a cikin hular kwano, kowa ya dangwala babban yatsa ya manna a ƙasan zanen, daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Injiniya ta manna nata, mai filasta ya ce shi ma ai ya yi aiki tunda ya ƙi aiki, aka ba shi wuri. Ni ma Baba ya jawo hannuna ya dangwala. Na ƙirga yatsu talatin da huɗu. Shi ne ya sa nasa a ƙarshe, ya danna sosai, ya goge sauran a jikin rigata.

Da muka sauko ya ce kada in tari tasi zuwa gida tukuna. Muka wuce layin masu sayar da katako, ya zaɓi manyan allunan filawud guda shida da zai yi zane a kansu, kowanne ya fi ni tsawo, ya sa aka ɗaure su a saman wata motar ɗaukar kaya. Muka zauna a gaba kusa da direba, yana ta lissafin yadda za a shigar da su ta matakala goma sha bakwai. Na ce ba za su shiga ba. Ya ce to za a cire taga. Haka kuwa aka yi, ni da mai faci da igiya, Mama tana ƙasa tana ba mu umarni.